Tsofaffin Gadojin Dutse na Dawakan Fatake a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

A cikin tsaunukan arewacin Ingila, da wasu sassa na kudu maso yammacinta, da Wales da Sikotlan, akwai ƙananan gadoji na dutse waɗanda mota ba ta iya hawansu, kuma da yawa daga cikinsu ko amalanke ba za ta ratsa ba. An gina su ne domin dawakan da suke ɗaukar kaya a bayansu, a zamanin da babu hanyar da ƙafar keken doki za ta iya bi a waɗannan wurare. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da gininsu da tarihinsu da halin da suke ciki a yau.

Wace irin gada ce ake kira gadar dawakan kaya?

Gada ce ta dutse, mai baka ɗaya ko fiye, wato lanƙwasasshen gini da ruwa yake wucewa ta ƙarƙashinsa, wadda faɗinta bai wuce abin da doki ɗaya da kayansa zai bi ba. Wani mai bincike, Ernest Hinchliffe, wanda ya zagaya Ingila yana auna irin waɗannan gadoji kuma ya wallafa sakamakon aikinsa a 1994, ya kafa sharuɗɗa uku da masu nazari suke yawan komawa gare su: faɗin gadar kada ya kai ƙafa 6, wato kimanin mita 1.8; a ce an gina ta kafin shekarar 1800; sannan a sami shaidar cewa tana kan hanyar da dawakan kaya suka bi. Sharaɗi na uku shi ne mafi nauyi a ganina, domin akwai ƙananan gadoji da manoma suka gina don isa gonakinsu, ko waɗanda attajirai suka gina a lambunansu don ado, kuma ƙuncinsu kaɗai bai isa ya shigar da su wannan rukuni ba. Mafi yawan waɗanda suka rage an gina su ne tsakanin tsakiyar ƙarni na 17 da ƙarshen ƙarni na 18, ko da yake akwai waɗanda suka girme haka.

Su wane ne suka yi amfani da su, kuma me suke ɗauka?

Fatake ne da masu sana'ar dako. Mai karatun da ya san labarin ayarin fataken Kano da suke kora jakuna da takarkarai zuwa Gwanja domin sayen goro zai gane tsarin nan da nan: dabbobi a jere ɗaya bayan ɗaya, hanya sananniya da aka gada, da wuraren yada zango da kowa ya sani. A Ingila ayari yakan kai dawakai 20 zuwa 40, kuma ana rataya wa na gaba ƙararrawa domin sauran su bi sautinta a cikin hazo, domin kuma wanda yake tahowa daga ɗaya ɓangaren ya ji tun daga nesa ya nemi inda zai raɓe, tunda hanyar ba ta ɗaukar ayari biyu a lokaci guda. Dawakan ƙanana ne masu juriya. Waɗanda suka fi suna su ne na Galloway, daga kudu maso yammacin Sikotlan, waɗanda irinsu ya ɓace yanzu, sai danginsu na tsaunukan Cumbria da Yorkshire da har yau ake kiwonsu. Kowane doki yakan ɗauki kimanin kilo 100 ko ɗan fiye da haka, a raba nauyin biyu cikin kwanduna ko buhuna a rataya a gefe da gefen sirdin katako.

Kayan kuwa su ne abin da rayuwar yankin ta dogara a kai. Gishiri yana fitowa daga garuruwan Northwich da Middlewich da Nantwich na lardin Cheshire, ya haura tsaunukan Pennine zuwa Derbyshire da Yorkshire, domin a lokacin da babu firji gishiri ne yake adana nama da man shanu a tsawon hunturu. Dalma tana saukowa daga ma'adinan Derbyshire da Swaledale zuwa wuraren narkarwa da tashoshin jiragen ruwa. Ana kai kwal, da ƙonanniyar farar ƙasa wadda manoma suke zubawa don rage tsamin ƙasar gona, da hatsi zuwa ƙauyukan tudu inda alkama ba ta yi. Amma babban abin da ya cika hanyoyin yammacin Yorkshire da Lancashire shi ne ulu. Masaƙa suna aiki a gidajensu da ke warwatse a gefen tsaunuka, doki ya kawo musu gashin tumaki, doki ya mayar da bandir ɗin yadi kasuwa. Katafaren ginin kasuwar yadi na Halifax, wanda aka buɗe a ranar 1 ga Janairun 1779 da ɗakuna 315, ya nuna girman cinikin da waɗannan siraran hanyoyi suke ciyarwa. Garin Kendal ma, a gefen yankin tafkuna na Cumbria da ke arewa maso yammacin Ingila, ɗaruruwan dawakai ne suke shiga da fita cikinsa kowane mako kafin a gyara manyan hanyoyi.

Me ya sa ba a bar dawakan su ratsa ta mashigi ba, tunda yawancin rafukan ƙanana ne?

Sun daɗe suna ratsawa ta mashigi, kuma a wurare da dama har yanzu ana ganin mashigin a gefen gadar. Matsalar ita ce halin ruwan tsauni. Ƙoramar da yaro zai tsallake da safe tana iya zama abin da zai tafi da doki kafin la'asar idan an yi ruwa a kan tudu, kuma waɗannan yankuna ne na ruwan sama mai yawa: ƙauyen Seathwaite a kwarin Borrowdale yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara. Ayarin da ya tarar da ƙorama ta cika sai ya jira, ranar kasuwa kuma ba ta jira. Bayan haka, kayan da kansu ba sa son ruwa, domin gishiri yana narkewa, ƙonanniyar farar ƙasa tana ɗaukar zafi mai tsanani idan ta jiƙe har tana iya ƙone dabbar da take ɗauke da ita, yadi kuma yana lalacewa. A wurare da yawa gadar katako ce ta riga, sai da ambaliya ta yi ta ɗauke ta mutane suka ga gara a yi ta dutse sau ɗaya a huta.

Me ya sa suke da ƙunci, kuma katangar gefensu gajeriya ce ko babu ita sam?

Ƙuncin lissafi ne na kuɗi da buƙata. Kowane ƙarin faɗi yana nufin ƙarin dutse da ƙarin katako da ƙarin kwanakin magina, kuma babu dalilin gina hanyar amalanke a kan rafi alhali hanyar da take gaba da bayan gadar hawa ce mai tsini da amalanke ba ta iya yi. Gajartar katangar kuwa daga jikin dokin ta samo asali. Kwandunan suna rataye ne a gefe, sun fi dokin faɗi, kuma sun sauko ƙasa, saboda haka doguwar katanga za ta riƙa kama su tana yage buhuna ko ta tura dabbar gefe. Idan katangar ba ta wuce gwiwa ba, kayan suna wucewa ta samanta, sai a ce ƙafafun dokin ne kawai suke cikin gadar, kayan kuma suna shawagi a kan ruwa. Dogayen katangu da ƙarafan kariya da ake gani a kan wasu daga cikin gadojin a yau yawanci ƙari ne da aka yi daga baya, bayan ayari ya daina bi, masu tafiya a ƙasa sun zama su ne masu amfani da wurin.

Yaya aka iya gina baka da dutse ba tare da siminti ko ƙarfe ba, har ya yi shekaru ɗaruruwa?

Sirrin yana cikin halin dutse, wanda yake jure dannawa ƙwarai amma yake saurin tsagewa idan an ja shi ko an lanƙwasa shi. Baka tsari ne da yake mayar da duk nauyin da ya hau kansa ya zama dannawa: kowane dutse yana matse maƙwabcinsa, matsin yana gangarawa ta gefe biyu har ya isa gaɓar rafi. Saboda haka aikin farko na magini shi ne zaɓen wuri. Yana neman inda rafin ya tsuke kuma gaɓoɓinsa biyu fa ne mai ƙarfi, domin baka yana tura gindinsa waje, kuma idan gindin ya motsa ko da kaɗan ne ginin zai buɗe ya faɗi. Wannan ne ya sa hanyar fatake takan karkace ta bar inda ya fi kusa ta nufi inda dutsen ƙasa ya fito fili.

Bayan an kafa gindi a gefe biyu, kafinta yakan haɗa firam na katako mai siffar bakan da ake so, a tsayar da shi a kan rafin. A kan wannan firam ake jera duwatsun bakan, kowanne a tsaye da bakinsa yana duban tsakiyar da'irar, ana tasowa daga hagu da dama a tare domin kada nauyi ya rinjayi gefe ɗaya ya murɗe katakon. Dutsen ƙarshe da ake sakawa a ƙololuwa shi ne yake kulle jeren. Daga nan sai a gina bangon da yake cike kusurwar da ke tsakanin bakan da gaɓa, a zuba tsakuwa da ɓaraguzai a ciki, a shimfiɗa duwatsun daɓe a sama. Wannan cikon ba ado ba ne, nauyinsa ne yake danne kafaɗun bakan ya hana su tashi idan kaya ya hau ƙololuwa. Sai komai ya zauna sannan ake sassauta firam ɗin a hankali, bakan ya ɗan nutsa, duwatsun su ciji juna. Katakon kuma ba a yar da shi, ana iya kai shi wani rafin a sake aiki da shi.

Abin da ake haɗa duwatsun da shi kwaɓin farar ƙasa ne da yashi. Yana jinkirin bushewa, sanyin da yake daskarar da ruwa kuma yana ɓata shi tun yana ɗanye, shi ya sa aikin gada na lokacin zafi ne. Amma idan ya kama yana da wata fa'ida da siminti ba shi da ita: yana da ɗan taushi, yana barin gini ya motsa kaɗan ba tare da ya tsage ba, yana kuma barin damshi ya fita. Tudun da ake gani a tsakiyar yawancin waɗannan gadoji shi ma dalili gare shi, domin ana ɗaga bakan sama ne ya bar wa ambaliya da itatuwan da take jawowa hanya, doki kuma bai damu da ɗan hawa da gangara ba.

Duk iri ɗaya ne, ko sun bambanta daga yanki zuwa yanki?

Sun bambanta, kuma bambancin yana bin dutsen da yake ƙarƙashin ƙafar magini, tunda babu mai ɗauko dutse daga nesa a bayan doki. A yankin tafkuna na Cumbria, inda dutsen yake tsagewa falle-falle, bakan yakan zama jeren siraran duwatsu dogaye marasa daidaito, kamar yadda ake gani a gadar Slater da ke Little Langdale a kan kogin Brathay. Wannan gada ta ƙarni na 17 ta haɗa dabaru biyu a wuri guda: baka ɗaya ya tashi daga gaɓa ya sauka a kan wani ƙaton dutse da yake tsakiyar kogin, daga can kuma shimfiɗaɗɗun falalen duwatsu suka ƙarasa zuwa ɗaya gaɓar. A tsaunukan Pennine dutsen yashi ne mai kauri da ake sassaƙawa murabba'i, saboda haka gadojin can sun fi tsari da duhun launi. A Moulton da ke lardin Suffolk, inda dutsen gini yake da wuya, an yi amfani da ƙanƙarar dutse da ɓaraguzai, aka yi wa bakunan huɗu layi da bulo, kuma faɗinta ya sa wasu masana suna ganin ƙananan amalanke ma sun bi ta kanta.

Inda kogi yake da faɗi, sai a jera bakuna a kan ginshiƙai. Ana yi wa kowane ginshiƙi hanci mai kusurwa uku da yake raba ruwa, sau da yawa kuma a ɗaga hancin har saman gadar ya zama ɗan lungu da mai tafiya a ƙasa zai shiga ya bar ayari ya wuce. Gadar Essex da ke Great Haywood a lardin Staffordshire, a kan kogin Trent, ita ce mafi tsawo da ta rage a Ingila: tana da bakuna 14, faɗinta kimanin ƙafa 4 ne kawai, an gina ta a ƙarni na 16, kuma ana cewa asalinta bakunan sun kai wajen 40 domin ta ratsa dukan fadamar. Gadar Holme a Bakewell, ta shekarar 1664, ita ma tana da irin waɗannan lunguna. Akwai kuma wani tsari da ba shi da baka ko kaɗan, inda ake ɗora manyan falalen duwatsu a kan tarin duwatsun da aka jera a cikin ruwa. Tarr Steps a kan kogin Barle a Exmoor, mai tsawon kimanin mita 55, da gadar Postbridge a Dartmoor su ne fitattu a wannan rukuni.

Wa ya biya kuɗin gina su?

Ba gwamnatin tsakiya ba ce. A zamanin da, manyan gidajen ibada na Kirista irin su Fountains da Furness, waɗanda suka mallaki garkunan tumaki da filayen kiwo masu faɗi, suna da hannu a kula da hanyoyi, har zuwa lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rushe su tsakanin 1536 da 1540. Mutane kuma sukan bar wasiyyar kuɗi don gina gada ko gyara ta, domin ana ɗaukar hakan aikin lada. Wata doka ta farkon shekarun 1530 ta ɗora wa larduna gyaran gadojin da ba a san mai alhakinsu ba, ta kuma ba alƙalan yanki ikon sanya haraji don haka, sannan dokar hanyoyi ta 1555 ta wajabta wa mazauna kowace gundumar coci aikin gayya na kwana huɗu a shekara, wanda daga baya aka mayar shida. Sauran kuma 'yan kasuwa ne da masu ƙasa da suka ga ribarsu a ciki.

Wani lokaci mutum ɗaya ne yake ɗaukar nauyin. Gadar Glaisdale a kan kogin Esk a arewacin Yorkshire, ta shekarar 1619, Thomas Ferris ne ya gina ta, ɗan yankin da ya yi arziki har ya zama magajin garin Hull. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa tun yana saurayi matalauci ambaliya ta hana shi ƙetarewa ya yi sallama da yarinyar da yake so kafin ya tafi neman arziki, sai ya yi alkawarin gina gada idan ya dawo. Labarin soyayyar na baka ne, amma shekarar da sunan mai ginin tabbatattu ne.

Gaskiya ne cewa Rumawa ne suka gina wasunsu?

A'a. Akwai gadojin da ake kira na Rumawa, kamar wadda take kusa da Marple a kan kogin Goyt da wata kusa da Penmachno a Wales, amma gininsu ya zo ne fiye da shekara 1,000 bayan Rumawa sun bar Birtaniya a farkon ƙarni na 5. Abin da yake rikita mutane shi ne cewa dabarar ginin ba ta canza sosai ba tsawon ƙarnuka, saboda haka ido kaɗai ba ya iya faɗin shekarun gada. Masu bincike suna dogara ne da takardun kotunan lardi, da wasiyyoyi, da tsofaffin taswirori, da rubutun da aka sassaƙa a jikin dutse. Tsohuwar gadar garin Hebden Bridge misali ce mai kyau: an gina ta da dutse wajen 1510 a madadin ta katako, kuma a jikinta akwai duwatsu masu rubutu da suke nuna gyare-gyaren da aka yi mata a ƙarni na 17.

Fatake kaɗai ne suke bin su?

Kowa yana bi, har da masu ɗauke da gawa. A kwaruruka masu nisa, coci ɗaya ce take da izinin binne mamata, saboda haka dole a ɗauki mamaci tafiya mai tsawo. A Swaledale, kafin a keɓe maƙabarta a Muker a 1580, mutanen saman kwarin suna kai gawa har Grinton, tafiyar kimanin mil 16, kuma a gefen gadar Ivelet da ke kan wannan hanya akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ake cewa a kansa ake sauke makara a huta. A Sikotlan, gadar Carrbridge a kan kogin Dulnain an gina ta a 1717 musamman domin masu jana'iza su iya isa cocin Duthil idan kogin ya cika. Babbar ambaliyar 1829 ta tafi da katangunta da cikonta, ta bar siririn bakan shi kaɗai a tsaye, kuma har yau yana nan, abin da yake nuna a fili cewa ƙarfin ginin duka a cikin wannan jeren duwatsu yake.

Me ya kawo ƙarshen sana'ar, kuma me ya sa gadojin suka tsira?

Abubuwa uku ne suka biyo juna. Na farko hanyoyin da ake biyan kuɗi a shinge kafin a bi, waɗanda aka fara da dokar 1663 amma suka yaɗu sosai daga shekarun 1750. Sun bi ta cikin kwari da gangara mai sauƙi, keken doki ɗaya kuma yana jan abin da dawakan kaya da yawa za su ɗauka. Na biyu hanyoyin ruwa da aka haƙa don kwale-kwalen kaya, tun daga ta Bridgewater a 1761 har zuwa ta Rochdale da ta ratsa tsaunukan Pennine a 1804. Na uku jirgin ƙasa, bayan buɗe layin Liverpool zuwa Manchester a 1830. Masana'antu suka sauko bakin koguna, masaƙan tudu suka bi su, ayari ya ragu har ya ƙare a cikin ƙarni na 19, ko da yake ya ɗan daɗe a lungunan da sababbin hanyoyi ba su kai ba.

Gadojin da suke kan hanyar da ta ci gaba da amfani an rushe su ko an faɗaɗa su. Waɗanda suka tsira da siffarsu ta asali su ne waɗanda sabuwar hanya ta kauce musu, ba wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a kansu, ko don gyara ko don rushewa. Ana iya gane wadda aka faɗaɗa idan aka sauka bakin ruwa aka dubi cikin bakan: za a ga wani layi ya ratsa shi daga gindi zuwa gindi, duwatsun gefe ɗaya ƙanana ne marasa sassaƙa, na ɗaya gefen kuma manya masu santsi, wani lokaci ma da ɗan tsagi a tsakani inda ruwa yake ɗiga. Gadar Ashness da ke saman tafkin Derwentwater, wadda hotonta ya cika katunan yawon buɗe ido, tana cikin waɗanda aka faɗaɗa, kuma motoci suna bi ta kanta zuwa Watendlath.

Mene ne yake yi musu barazana a yau?

Ruwa ne a gaba. Ambaliya ba kasafai take karya baka daga sama ba, ƙasan gindin take rarakewa har ya rasa abin da zai tsaya a kai, ko ta jawo kututture ya toshe bakin gadar ruwa ya taru ya tura ta. Gadar Stockley da ke sama da Seathwaite ta lalace a ambaliyar 1966 aka sake gina ta. Tarr Steps ruwa ya watsa duwatsunta a 1952 da 2012 da wasu lokutan, har aka yi wa kowane dutse lamba domin a san inda za a mayar da shi. A watan Disamban 2015, lokacin da aka auna ruwan sama milimita 341 cikin awa 24 a Honister da ke Cumbria, gadar Pooley mai bakuna uku, ta ƙarni na 18, ta rushe gaba ɗaya, wasu ƙananan gadoji da dama kuma suka tsage. Bayan ruwa akwai saiwar itatuwa da take shiga tsakanin duwatsu tana buɗa su, da ruwan da yake daskarewa a cikin tsagi yana faɗaɗa shi, da babura da motocin daji da suke hawa inda ba a gina don su ba.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, kuma ita ce ta fi ba ni takaici. A ƙarni na 20 an yi wa gadoji da yawa liƙi da siminti, ana ganin an ƙarfafa su. Siminti ya fi dutsen tauri, ba ya barin damshi ya fita, sai ruwa ya taru a bayansa, dutsen ya riƙa ɓarewa a gefen liƙin. Masu gyaran gine-ginen tarihi yanzu sun koma ga kwaɓin farar ƙasa, suna ƙwaƙule simintin da hannu a inda za a iya yin haka ba tare da an fasa dutse ba.

Wace kariya doka ta ba su?

Yawancinsu suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, wadda ta samo asali daga dokokin tsara birane na shekarun 1940, kuma a Ingila hukumar Historic England ce take kula da ita. Rajistar tana da matakai uku gwargwadon muhimmanci, gadar Essex kuma tana mataki na farko. Wasu an ayyana su a matsayin kayan tarihi na ƙasa a ƙarƙashin dokar 1979, wadda ta sa taɓa su ba da izini ba laifi ne. Ƙungiyar National Trust, da aka kafa a 1895, ta mallaki filaye da yawa da gadojin suke ciki, yankin tafkuna kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2017. Sai dai rajista hana ɓarna take yi, ba ta zuwa da kuɗin gyara, kuma ƙaramar gada a bayan gona da ba a tabbatar da mai ita ba tana iya shafe shekaru tana zubewa kafin wani ya ɗauki nauyi.

Ana iya ɗauke gada a kai ta wani wuri don a cece ta?

An taɓa yi. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Ladybower a Derbyshire tsakanin 1935 da 1943, ruwan ya cinye ƙauyukan Derwent da Ashopton. Kafin haka an kwance gadar dawakai ta Derwent dutse bayan dutse, aka yi musu lamba aka adana, sannan aka sake gina ta a 1959 a wani wuri da ake kira Slippery Stones, can saman kwarin. An yi irin wannan a kwarin Goyt a shekarun 1960 saboda madatsar Errwood. Babu shakka wannan ya fi a bar su a ƙarƙashin ruwa. Amma gadar da aka raba da hanyarta ta rasa rabin abin da take faɗa, domin ba a ganin mashigin da ta maye gurbinsa, ko daɓen duwatsun da kofato ya cinye tsakiyarsu, ko masaukin da ayari yake kwana. Saboda haka nake ganin aikin farfaɗo da tsofaffin hanyoyin ya kai gyaran gadojin muhimmanci. Hanyar mahaya dawakai ta Pennine, wadda Mary Towneley ta yi fafutukar kafawa bayan doguwar tafiyar da ta yi a kan doki a 1986, ta bi sawun fatake a wurare da yawa, kuma zagayen mil 47 da aka sa wa sunanta an buɗe shi a 2002.

Akwai irinsu a wasu ƙasashe?

Akwai su a duk inda tsauni da dabbar dako suka haɗu, sai dai a kudancin Turai alfadari ne ya fi doki yawa. Tsibirin Kosika yana da gadojin zamanin mulkin Jenowa, kwarurukan Suwizalan da arewacin Italiya suna da nasu, yankin Zagori na arewa maso yammacin Girka kuma ya shahara da dogayen bakuna sirara na ƙarni na 18 da na 19. Gadar Plaka a kan kogin Arachthos, ta shekarar 1866, ta rushe a ambaliyar watan Fabrairun 2015, aka sake gina ta da dutse, aikin ya kammala a 2020.

Wanda ya sami zuwa Ingila, daga ina ya kamata ya fara?

Hebden Bridge ne mafi sauƙi, domin jirgin ƙasa daga Manchester ko Leeds yana tsayawa a garin, gadar kuma tana tsakiyarsa. Daga bakinta wata hanya mai daɓen dutse da ake kira Buttress take haurawa kai tsaye zuwa tsohon ƙauyen masaƙa na Heptonstall, kuma wanda ya hau ta da ƙafarsa zai fahimci dalilin da ya sa amalanke ba ta da amfani a nan. Ƙauyen Wycoller a Lancashire yana da nau'i uku kusa da juna a kan ƙorama ɗaya: gada mai bakuna biyu da ta ɗan karkace, gadar falalen duwatsu, da wata ta dutse guda ɗaya tal da aka ɗora daga gaɓa zuwa gaɓa. Mai son tafiyar daji sai ya nufi Three Shires Head a kan kogin Dane, inda lardunan Cheshire da Derbyshire da Staffordshire suka haɗu kuma tsofaffin hanyoyin fatake suka gamu. Duwatsun suna da santsi idan sun jiƙe, katangun gajeru ne, saboda haka ana buƙatar takalmi mai kama ƙasa, a kuma guji sauka bakin rafi bayan ruwan sama mai ƙarfi.